Abin Da Ƙafar Keke Ta Koya Mini

'Yan'uwana mata, ku ji wannan.

A shekarar 2020, da annobar korona ta shigo, Gwamnatin Kaduna ta hana fita. Aka rufe makarantar da nake koyarwa, albashi ya tsaya. Azumi ya zo, birnin Zazzau tsit, ba tashe, ba hawan Salla. Ina zaune a gidanmu na Kwarbai, zulumi ya hana ni barci.

Ran nan da dare ƙanena ya kife kekensa a tsakar gida, ya ɗaura wa ƙafar 'yan fitilun batir, ya juya ta. Na ɗauki hoto da wayata. In ƙafar na tsaye, ɗigo-ɗigo ne a warwatse. In tana juyawa, sai hoton ya fito da zoben haske cikakke. Inna, wadda ta kwana biyu ba ta yi dariya ba, ta ce, "Kai, sake juyawa mu gani!"

Kashegari na shimfiɗa tabarma, na tara ƙannena mata, muka koma karatu. Keken nan ko zaure bai kai ba, amma ya haskaka gida. To, ku ma in wata rana an tsare ku, kada ku zauna hannu rabbana. Allah ya kiyashe mu, amin.