Gidan Sayarwa A Bakin Tafkin Bosomtwe

Ranar wata Asabar cikin hutun makaranta, kawuna ya aiko yaro tun da asuba wai in shirya in raka shi unguwa. Kawun nan nawa ya yi shekara 30 yana fataucin goro, kuma ya daɗe yana cewa in Allah ya ba shi iko zai nemi wurin da babu hon ɗin mota ya ƙarasa kwanakinsa. To, wani dillali ya kawo masa labarin wani gida na sayarwa a bakin Tafkin Bosomtwe: ɗakunan baƙi 6, da fili mai itatuwa, da gonar koko a baya. Ni aka ɗauka don in karanta takardu, tun da an ce malamin makaranta ba ya rasa amfani.

Daga Aboabo muka bi ta Atonsu muka miƙa Kuntanase. Tsakanin Kumasi da tafkin bai fi kilomita 30 da 'yan kai ba, amma da yawa daga cikinmu 'yan zango an haife mu a nan, mun yi furfura, ba mu taɓa zuwa ba. Bayan Kuntanase mota takan yi ta hawa, sai kwatsam hanya ta karya ta fara gangara, ka hango ruwa can ƙasa, kewayayye kamar an girke kwatanniya a tsakiyar duwatsu. Kawu ya ce da direba ya tsaya. Ya fito ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, wa ya haƙa wannan?"

Tambayar tana da amsa. Masana sun tabbatar wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama, fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce, ya yi wannan rami, ruwan sama ya cika shi. A 2004 sun zo da injuna sun haƙa ƙarƙashin ruwan don su ƙara bincike. Faɗin tafkin kamar kilomita 8 ne, zurfinsa ya kusa mita 80, kuma shi kaɗai ne tafkin da ba hannun mutum ya yi ba a duk Gana, don na Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi. Mutanen Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, suna da nasu labarin: wani maharbi ne ya biyo barewar da ya harba har ta faɗa cikin ruwan ta ɓace. A wurinsu wuri ne mai alfarma, inda rayukan matattu ke zuwa sallama. Kawu ya saurari duka biyun, ya ce, "Allah mai iko," muka koma mota.

A Abono kwalta ta ƙare. Nan ne 'yan yawon shaƙatawa ke taruwa ranakun hutu, da kiɗa da soyayyen kifi. Gidan da muka zo gani yana can gaba, ta wata hanyar jar ƙasa da ke bin gefen ruwa, wadda direba ya yi ta tsaki a kanta.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Ginin ba wani abin a zo a gani ba ne, kwanon rufin ma ya fara tsatsa, amma itatuwan su ne dukiyar. Akwai wani rimi da mutum uku ba za su rungume shi ba, da mangwaro, da odum, da wani dogon icce da mutanen nan ke kira wawa. Da Kawu ya ji sunan sai ya ce to madalla, ashe akwai inda ake girmama wawa har a shiga inuwarsa. Ka zauna a baranda ba abin da kake ji sai tsuntsaye da ruwa yana taɓa gaɓa. Can nesa masunta na zaune a kan katako guda, ƙafafunsu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu. Padua suke kiran katakon. Al'adar wurin ta hana ƙarfe taɓa ruwan, shi ya sa ba su saba da kwalekwale ba, ko da yake yanzu akwai jirage masu inji da ke ɗaukar baƙi a Abono.

Mai gidan dattijo ne, ɗan Asante, irin waɗanda muke kira boga, ya yi shekaru yana aiki a Jamus. Shi da matarsa Bajamushiya suka gina wurin. Ta rasu, 'ya'yan suna can ba su da niyyar dawowa, shi kuma gwiwa ta hana shi hawan tudu. Bai ɓoye mana cewa ba da son ransa zai sayar ba. Dillali kuwa bakinsa bai huta ba: iska kyauta, ruwa kyauta, Turawa na zuwa, UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren da ake kiyayewa tun 2016. Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Kuɗin kuma da dala ya faɗe shi, ba da sidi ba.

Sai aka miƙo mini takardu, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu, don abin ya shafi duk wanda ke tara kuɗin fili. Dillali yana ta cewa "sayarwa", amma abin da ke rubuce haya ce. Ƙasar ta kujerar sarauta ce, kuma Tsarin Mulkin 1992 ya hana a mallaka wa kowa irin wannan ƙasa har abada. Abin da sarki ke bayarwa izinin zama ne na wasu shekaru, ana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Ɗan ƙasa yakan sami har shekara 99 in gidan zama ne, amma baƙo ba ya wuce 50. Takardar nan da sunan marigayiyar aka yi ta a 2001, saboda haka shekara 50 aka ba ta, za ta ƙare a 2051. Ke nan abin da Kawu zai saya shi ne ginin da ragowar shekarun, kuma sai da yardar sarki, sai an tabbatar magada sun sa hannu, sai an bincika a Hukumar Filaye ko ba a riga an ba wani ba. Da na gama bayani sai Kawu ya yi shiru. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka ga abin da ya faru a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su fita, mutane suka sayar da gidaje a kan kuɗin mota. Ɗan zango da ya girma da wannan labari ba ya wasa da maganar takarda.

Lokacin azahar ya yi, muna neman alƙibla, sai wani mutum ya fito daga cikin koko da adda a hannu ya yi mana sallama da Hausa. Mutumin Bawku ne, shi ke kula da gonar bisa tsarin abusa, wato in an sayar da koko kashi ɗaya cikin uku nasa ne. Ya kawo buta da tabarma, muka yi salla tare. Bayan mun shafa fatiha Kawu ya ce, "Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, in kai ne za ka saya?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tashi ya nuna mana wata siririyar hanya da ta ratsa filin daga tudu zuwa bakin ruwa. Ya ce ta nan matan ƙauye ke sauka wanki da ɗiban ruwa, ta nan masunta ke hawowa da kifi, tun kafin a aza tubalin farko. Ba ta cikin taswirar safiyo. Marigayiyar ta taɓa sa waya ta rufe, aka kwana uku ba wanda ya sayar mata da ko barkono, sai da ta cire. Ya nuna mana kututturan itatuwa a tsaye cikin ruwa. Tafkin ba shi da mafita, in an yi shekarun ruwa sai ya hau, in an yi na fari ya ja baya, kuma akwai ƙauyukan da a da ya tilasta musu matsawa sama. Ya ce karfasa ta ragu ƙwarai, wadda ake kamawa yanzu ba ta kai tafin hannu ba, shi ya sa samari ke barin su, wasu su tafi Kumasi, wasu haƙar zinariya. Rogo da agade da gwaza su ke riƙe da gidaje. In mace ta fara naƙuda da dare cikin damina, fitar da ita zuwa asibiti sai addu'a.

Sa'an nan ya rage murya ya faɗi abin da dillali bai faɗa ba. Ɗakunan nan sukan yi makonni ba kowa. Abin da ke biyan albashin mai dafa abinci da mai shara shi ne giyar da ake sayarwa ranakun biki. Kawu ya dube ni, na dube shi. Ko gaisuwar sarki ma bisa al'ada da kwalba ake zuwa, amma wannan mai sauƙi ce, an saba karɓar kuɗi daga Musulmi a madadinta. Ta mashayar ce ba ta da madadi.

Na lura mutumin bai roƙi kome ba, alhali shi ne ya fi kowa shiga uku a cinikin nan. Yarjejeniyarsa da mai gida ta baki ce. Duk wanda ya saya yana iya sare kokon ya ƙara ɗakuna, shi kuma yana da 'ya'ya huɗu a makarantar ƙauyen. A matsayina na malami wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da kyan ruwan.

Kafin mu tafi Kawu ya yi tayi, ƙasa da rabin abin da aka faɗa, da sharaɗin cewa hanya za ta zauna a buɗe, mai gona zai zauna da takarda a hannu, mashaya kuma za ta rufe. Dillali ya ce albarka tun kafin ya rufe baki. Dattijon bai ce kome ba, sai da ya rako mu mota yana dogara sanda ya ce a ba shi wata guda ya yi magana da 'ya'yansa.

Mun sayi karfasa soyayya a Abono, matar ta ƙulle mana da yaji a takarda. A kan tudun nan Kawu ya sake cewa a tsaya. Rana ta yi sanyi, masunta na komowa gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in rubuta masa 2051 a bayan katinsa, zai nuna wa babban ɗansa, don shi ne zai je gaban sarki neman sabuntawa in an yi cinikin.