Ƙananan Laifuffuka da Tsagewar Amana a Bakin Dajin Rugu

Dattawan Babban Duhu da sauran ƙauyukan Safana da Batsari, waɗanda suka tsufa a gefen Dajin Rugu, sun daɗe da lura cewa halin mutum yana lalacewa ne a hankali, ta hanyar ƙananan laifuffukan da jama'a ke kau da kai a kansu har su zama al'ada.

Burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi a tsakanin gonaki, ya isa misali. Manomi yakan ci kunya ɗaya a cikinsa kowace damina yana ganin taku biyu ba komai ba ne, makiyayi yakan kora shanu cikin gona tun ba a kwashe dammunan gero ba, shi kuwa wanda aka kai wa ƙara yakan karɓi na goro ya karkatar da hukunci, sai kowa ya koma gida da ƙullin da ba a warware ba. A da, mai gona da kansa yake gayyatar garke ya kwana a gonarsa da rani domin taki, kuma amana ce kaɗai ke riƙe da wannan hulɗa.

Abin da ya fi ci wa dattawan rai shi ne batun infoma, wato ɗan gari da ke tsegunta wa 'yan bindiga wanda ya sayar da sa ranar kasuwa ko wanda ɗansa ya aiko masa da kuɗi. Asalin irin wannan mutum sananne ne: hassadar da aka bari ta girma, da kwaɗayin da iyaye suka gani tun yana yaro ba su tsawata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, amma bai ɗore ba, domin alkawari ba ya tsayawa inda amana ta riga ta mutu. Gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa kuma ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Waɗannan ayyukan hukuma ne, kuma suna da iyaka. Sauran aikin na gida ne: uban da ɗansa marar sana'a ya shigo gida da sabon babur da babbar waya, wajibi ne ya zaunar da shi ya tambaye shi inda ya samo su.