Kunnen Hagu

Idan aka tashi makaranta, aka gama duba littattafan yara, kowane malami da inda yake nufa. Wasu majalisa, wasu gidan kallon ƙwallo. Mu kuwa wani ɗan tebur ne a lungun ɗakinmu a Unguwar Dosa, da ƙarfen narka dalma, da mita, da tsofaffin hedifon, wato na'urar nan ta sauraro da ake kifawa a kan kunnuwa biyu. Uwargida takan ce, "Malam, da gyaran wayar salula ka koya, da ko kuɗin cefane ya fito." Gaskiyarta, don ba mu taɓa cin kobo a wannan harka ba.

Abin ya samo asali ne daga wani kaset. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauki muryarsa muna yara, da nufin aika wa ƙanensa da ke zaune a Makka, kamar yadda ake yin wasiƙa ta kaset a wancan zamani. Mai tafiyar ya fasa, kaset ya kwana a adaka shekara da shekaru. Da muka saka shi a rediyo, sai muryar ta fito a dushe, ga wani surutu a bayanta da ba ma iya tantancewa. Muka ce lalle sai mun ji abin nan sosai.

Wata Asabar muka ci karo da wani dattijo mai tarkacen rediyo a gefen Kasuwar Barci a Tudun Wada. A cikin tarkacen akwai Sennheiser HD 414, ƙirar Jamus, wanda aka fara fitarwa a 1968. Bayan kunnuwansa a buɗe yake, iska na shiga tana fita, shi ya sa sautinsa ba ya cushewa kamar a cikin tulu. Sosonsa ya zama gari, kunnen hagu kuma ko tari ba ya yi. Muka ce, "Baba, nawa?" Ya dube mu, ya ce, "Malam, mataccen abu za ka saya?"

Mai karatu, cikin kowane kunne abu uku ne: maganaɗisu, da wata 'yar fata mai shara-shara, da naɗin wayar jan ƙarfe mai siririn gashi a manne da ita. Wuta ta bi naɗin, fatar ta girgiza, sauti ya fito. Wannan naɗin shi ne ran abin, kuma mun riga mun kashe guda biyu a wasu masu araha, saboda mun bar ƙarfe mai zafi ya daɗe a kai. Saboda haka wannan karon hannunmu rawa yake yi.

Allah ya taimake mu, wayar wannan samfurin ana zare ta daga jikin kowane kunne. Muka musanya ta dama da ta hagu, sai mutuwar ta koma dama. Ashe kunnen lafiya lau yake, waya ce ta karye a ciki, dab da kan da ake sokawa a rediyo. Muka yanke, muka goge zaren wayar, muka haɗa da dalma: tsinin kan na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na tarayya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ƙarfe ya huce, sai washegari.

Soso ne ya fi ba mu wahala, kuma a nan daɗin abin yake. Muka yanko na tsohuwar katifa, ya yi kauri, kuntigin Ɗan Maraya Jos ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin bargo. Muka fefe shi da reza, ya yi siriri, sai sautin ya riƙa sukar kunne. Sau biyar muna yanka kafin mu ji kalangun Shata da 'yan amshinsa kowa a mazauninsa. Wani abu kuma, na farkon wannan samfuri ohm 2000 ne, alhali irin na wayar salula galibi ba su wuce 32 ba, don haka salula ba ta da ƙarfin tura shi. Sai da muka aro tsohuwar amfilifaya wurin wani abokin aiki a Kawo.

Daren da muka saka kaset ɗin, muryar Baba ta fito har da numfashinsa. Surutun nan na baya ashe daka ne, da wata mace tana kiran sunanmu, tana cewa mu zo mu ɗauke tabarma kafin ruwa ya sauko.

Ranar Juma'a muka kinkimi kayan zuwa gidan Inna a Badarawa. Ta ce, "Kai ɗan nan, mene ne kuma wannan za ka ɗora mini a ka?" Muka gyara mata shi a kan ɗankwali, muka danna. Ta yi shiru har kaset ya ƙare, ba ta dubi kowa ba. Can ta ce turmin nan na maƙwabta ne ta aro, nata ya tsage a wannan damina.

Sannan ta ce, "Mayar mini da shi baya."