Yadda makunnin fanka ya kusa cinye mana injin J5 ɗin Baba

1/ Jama'a, ku zo in ba ku labarin wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsana ba, amma ya kusa raba gidanmu da abinci. Masu motar gas, ku karanta har ƙarshe.

2/ Mu 'yan Tsanyawa ne. Tun da idon Baba ya raunana ya miƙa min makullin J5 ɗinsa. Da ita nake kai buhunan gero da wake na mutanen gari kasuwar Dawanau. Kuɗin makarantar ƙannena da cefanen gida duk daga bayanta suke fitowa.

3/ Motar nan ta girme ni. Tun 1981 aka fara ƙera irinta a Italiya, haɗin gwiwar Peugeot da Citroën da Fiat. A Turai har gado da kicin suke sa mata su tafi yawon hutu. Mu kam buhu muke ɗora mata.

4/ Ranar na wuce Bichi lafiya lau, allurar zafi tana tsakiya. Ina shiga cunkoson bakin Dawanau sai na ga ta fara hawa, har ta doshi ja. Na kasa kunne, ban ji kukan fanka ba. Gabana ya faɗi, na gangara gefe na kashe.

5/ Ga dalili: in kana gudu, iskar hanya ce ke huce lagireto. In ka tsaya, fanka kaɗai ta rage. Mai ba ta umarni kuwa wani makunni ne da ke ɗaure a jikin lagireto. Ruwa ya yi zafi ya haɗa wuta, ya huce ya yanke.

6/ Wani mai wayarin ya leƙa ya ce, "Ɗan'uwa, kawo in haɗa maka ita dairek, minti biyar ka wuce." Wallahi na so in yarda, don masu kaya sai kira suke. Amma na fara buga wa Baba.

7/ Ya ce, "Kai yaro, dairek na fita kunya ne, ba gyara ba ne. Fankar da ba ta hutawa ita ma mutuwa za ta yi, ranar kuma ba ka da abin haɗawa. A haɗa ka sauke kayan mutane, gobe ka nemo makunni." Na ce to, Baba.

8/ Haɗawar ma ta zama gwaji. Ya zare soket ɗin makunnin, ya gama bakinsa da guntun waya, fanka ta tashi. Ke nan fanka da fis da rile duk lafiyarsu ƙalau. Makunnin ne ya mutu.

9/ Washegari na tafi Ƙofar Ruwa da tsohon a aljihu. Ku riƙe wannan: akwai lambobi a jikinsa. Nawa 92-87 ne, wato ya kunna a digiri 92, ya kashe a 87. Ka dace lambar, da zaren, da yawan ƙafafun, kar ka sayi mai kama kawai.

10/ A ƙofar gida muka yi aikin, Baba na kan tabarma yana ba da umarni. Sai da injin ya huce sarai, don buɗe lagireto da zafi ya ƙona fuskoki da yawa. Na sa sabuwar wosha, na ɗaure da sifana ba da ƙarfin tsiya ba, na cika ruwa, na fitar da iska.

11/ Na tayar da ita muka zauna jira. Allura na hawa, zuciyata na bugawa. Can sai fanka ta ɗauka. Jim kaɗan ta tsaya da kanta. Baba, da ba ya ganin allurar, ya yi murmushi ya ce, "Ka ji ta? Ta warke."

12/ Da na ƙara ko kilomita biyu a ranar, gasket ne zai ƙone, wataƙila har kan injin ya lanƙwashe, mota ta yi wata a gareji ana tsakiyar kaka. Yanzu duk cunkoson da na shiga, rediyo nake ragewa in saurari fanka. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.