Gizo-gizon bangon Inna

1/ Jama'a, ku ba ni minti biyu. Hutun nan da na je gida Kirikasamma, wani ɗan gizo-gizo ya sa na ji kunyar karatuna. Zare ne 🧵

2/ Da hantsi ina zaune ɗakin kakata, sai ga shi a bango, toka-toka, bai kai ƙwayar wake ba. Ya laɓaɓo, ya daka tsalle, caraf ya cafke ƙuda. Ko yana bai saƙa ba.

3/ Inna ta ɗauko takalmi: "Tautau ne, kashe shi kafin ya yi maka fitsari." Na ce, "Inna, bari in ɗauki hoto tukuna." Ta ce boko ya fara taɓa ni 😂

4/ Na bincika. Ga dukkan alamu Menemerus bivittatus ne, ɗan dangin Salticidae, gizo-gizo masu tsalle. Sun haura iri 6,000. Idonsa takwas, da gani yake farauta. Kafin ya yi tsalle sai ya liƙa zare, in ya kuskure ya hayo ta kansa.

5/ Asalinsa ɗan Afirka ne. A 1831 masana suka raɗa masa suna. Ya bi mutane da kayansu har Indiya da Amurka.

6/ Sai na buɗe taswirarsa a iNaturalist. Florida cike da ɗigo. Na matso Hadeja, Kirikasamma, Baturiya. Fayau!

7/ Alhali ga shi a gabana. A nan na gane taswirar nan inda aka duba take nunawa. Tsuntsayen Turai da ke sauka dausayin Baturiya lokacin hunturu ana zuwa ƙirga su. Bangon Inna fa, wa ya taɓa dubawa?

8/ Shekarata uku ina karanta ilimin halittu, ina haddace sunayen ƙwarin wasu ƙasashe, na gidanmu ban san su ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gidajen ƙasa da yawa, ga feshin magani a gonakin shinkafa duk shekara. Abin da ba a rubuta ba, ko ya ƙare ba mai sani.

9/ Na ɗora hoton. Yanzu Kirikasamma tana da ɗigo ɗaya. Kai da ke da waya a Hadeja, Guri ko Birniwa, kafin ka ɗaga takalmi, ɗauki hoto.

10/ Jiya Inna ta sa aka kira ni a waya: "Abokin naka yana nan, ban taɓa shi ba."