Sunan da Ke Tsakiyar Jeri

Duk shekara, tsakanin Satumba da Disamba, jami'o'in Amurka kan fitar da sanarwar guraben malanta. A lokacin ne wata mai bincike, wadda ta shekara biyar tana aikin wucin gadi bayan digirinta na digirgir, take raba dare tana karanta sanarwar ɗaya bayan ɗaya. Fanninta bayoinfomatiks ne, wato amfani da kwamfuta da lissafi wajen fassara saƙon da ke cikin ƙwayoyin gado.

A zahiri kasuwarta na ci. Sai da aka shafe shekara 13 kafin a kammala karanta DNA na ɗan'adam a 2003, haruffa kimanin biliyan 3. Yau na'ura kan yi wannan aiki cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayanai sun yi wa ɗakunan gwaje-gwaje yawa, kowa na neman mai iya tace su. Gurbin da take hari na ƙaramin farfesa ne: a ba mutum ɗakin bincike da kuɗin somawa, a zuba masa ido kimanin shekara shida, sannan a tabbatar masa da kujera ko a sallame shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne jerin sunayen marubuta. A kimiyyar halittu, sunan farko a kan maƙala na wanda ya jagoranci aikin ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin binciken. Wanda ya kwana yana rubuta manhajar da ta fito da sakamakon yakan faɗa tsakiya. Maƙalunta suna da yawa, amma a mafi yawansu sunanta na huɗu ne ko na bakwai. Kwamitin tantancewa kuwa, da takardu jibge a gabansa, farko da ƙarshe yake dubawa, don abin da yake son sani shi ne ko mai nema zai iya tsayawa da ƙafarsa. Taimakon da ya sa abokan aiki ke rububinta, shi ne ya ɓoye ta.

Kamfanonin magunguna na biyan albashin da ya fi na jami'a, kuma ba ruwansu da jerin sunaye. Ta san haka. Amma ɗalibai take so, da 'yancin zaɓar tambayar da za ta bi.

Mahaifiyarta kan tambaye ta a waya: “Wai ke yaushe za ki gama karatun nan?” Ita kuma takan ce, “Saura kaɗan, Inna, a ci gaba da addu'a.”

A bana ta ba abokan aiki biyu haƙuri a kan ayyukansu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna tana rubuta maƙala a kan manhajar da ta ƙera da hannunta, sunanta a farko. Za a rufe karɓar takardu a Disamba, kuma har yanzu wasiƙar shaida ɗaya cikin ukun da ake buƙata ba ta iso ba.