Daga Kano Zuwa Kwanar Dangora Da Kunne A Kan Rediyo

Da hantsi muka bar Kano ta hanyar Zariya, ni da wani injiniyan gidan rediyon FM. Ya ce in ina son in gane aikinsa, in shigo mota, don a ɗakin injuna kowace waƙa daɗi gare ta.

Kafin mu tashi ya nuna min na'urar gyaran sauti, Optimod, irin wadda Bob Orban ya fara fitarwa a Amurka a 1975. Matakinta na farko shi ne AGC, mai daidaita ƙarfin sauti da kansa: mai gabatarwa ya yi ƙasa da murya ya ɗaga ta, mai talla ya kwarara ihu ya danne. Matsalar tana wajen sitiriyo, wato sautin da ake raba wa lasifikar hagu da ta dama. In aka bar hagu da dama kowanne da nasa ma'auni, ganga ta buga da ƙarfi a hagu, sai a danne hagun kaɗai, muryar mawaƙi ta zame zuwa dama. Shi ya sa ake ɗaure su tare, ko a raba sautin gida biyu: jimlar hagu da dama, da kuma bambancinsu. Bambancin nan shi ne faɗin sitiriyo.

A tsarin da Amurka ta amince da shi a 1961, wanda muke bi har yau, jimlar ce ke tafiya a ƙasa, sai siginar jagora a kilohaz 19, bambancin kuma yana hawa kan kilohaz 38. Can sama ne hayaniya ta fi kama shi.

Mun wuce Kura sauti garau. Injiniyan ya kira abokin aikinsa ya ce a ƙara wa bambancin ƙarfi. Nan take kiɗan ya buɗe, kamar an faɗaɗa motar. Amma da wata tirela ta jero da mu, sai sautin ya riƙa tsartuwa, domin siginar na dukan jikin ƙarfe tana dawowa a makare. Ƙaramar rediyon hannu da na riƙe, mai lasifika ɗaya, jimlar kawai take ji, a cikinta kuwa muryar mawaƙin ta yi baya.

"Malam, ka ji ko?" in ji shi. Ya sa aka mayar da iyakar da ya saba sawa, wadda ke hana bambancin ya zarce jimlar da yawa. Ba don ita ba, da an saka tsohon faifai maras faɗi, AGC zai ta jawo bambancin sama har shuuu ɗin faifan ya fito fili.

A ganina gaskiyarsa ce. Mai shayi da direban tasi da tsohuwa a tsakar gida su ne masu sauraro, kuma murya suke nema.

Wajen Kwanar Dangora siginar ta raunana, rediyon motar ta haɗe hagu da dama da kanta, muka juyo gida.